Harsashi Na Biyu

Bindigar Puseletso ba ta fi tafin hannunta tsawo ba. Ranar da mijinta Lebusa ya raka ta shagon bindigogi na Oom Faan Greyling suka karɓo ta, bayan wata tara ana jiran lasin, abokansa sun yi dariya har da riƙe ciki. Tsekiso ne ya fi kowa, amininsa tun suna yara suna kiwon tumaki a duwatsun Lesotho. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce don Allah a nuna masa inda ake ɗura mata gas, sigari yake so ya kunna. Lebusa bai ji haushi ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, matarsa a ƙasa take tafiya aiki da sassafe, ta bayan filin ƙwallo take bi, kuma wannan za ta shige aljihun siket ba wanda ya sani. Tasa babbar, wadda in ta yi ƙara duk layin sai ya ji, tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a kulle, yadda doka ta ce.

A kullen take ranar da aka kashe shi.

Asabar ce, tsakiyar Yuli, sanyi ya kama garin Welkom sosai. Wajen ƙarfe uku na rana Lebusa yana tsakar gida yana wanke tsohuwar motarsa. Puseletso dawowarta daga kasuwa ke nan, ko siket ɗin ba ta sauya ba, tana cikin kicin tana juye ƙafafun kaji a roba, sai ta ji ƙara sau uku. Da ta fito, mijinta yana kwance a jikin taya, soso a hannunsa. A kansa wani ƙato ne tsaye, ya lulluɓa da bargo mai kauri, ya ja hular sanyi ta rufe masa fuska, ƙafarsa da farin takalmin roba irin na masu shiga ramin haƙar zinare. Taku uku ne tsakaninsu. Ba ta san lokacin da hannunta ya shiga aljihu ba. Harbin farko ita ma ta san ya tafi iska, hannunta rawa yake yi. Na biyu kuwa da idonta ta ga ƙura ta tashi daga jikin bargon, gefen hagu, ƙasa da kafaɗa kaɗan.

Mutumin ko gezau bai yi ba. Ya juyo ya dube ta ta ramukan hular, bai ɗaga tasa bindigar ba, ya dafa katanga ya tsallake. Ita kuma ta ga ƙafar Lebusa ta motsa, sai ta yar da komai ta yi kansa. Ta ɗora kansa a cinyarta. Ya ja numfashi guda mai tsawo, ya riƙe. Ta zauna tana jira ya saki, har maƙwabta suka cika gidan tana jira.

Dalilin kisan ba ɓoyayye ba ne, ko yaran unguwa sun sani. Lebusa shugaban ayari ne a mahaƙar zinare, kuma ranar Litinin ɗin zai tsaya gaban kwamitin kamfani ya faɗi sunayen ma'aikatan da ke sakar wa ɓarayin zinare abinci a tsofaffin ramuka. Wanda ya aikata ɗin ne ba wanda ya sani, ko kuma ba wanda ya yarda ya sani. Sajan Phakoe, wani siririn mutum mai ladabi da tarin fayil ya danne, ya zo da yaransa suka bincike gidan. Suka ciro harsashinta na farko daga jikin bishiyar lemo. Na biyun suka neme shi suka rasa, jini kuma ko ɗigo babu, sai aka rubuta cewa ya bi ta saman katanga. Suka tafi da bindigar gwaji, bayan wata guda suka dawo mata da abarta a cikin leda.

Unguwa ta rabu biyu a kan maganar, kuma duk ɓangarorin biyu haushi suke ba ta. Rabi suka ce me ake tsammani daga bindigar da ko kare ba za ta tsorata ba. Rabi suka sassauta murya suka ce a'a, mutumin a dafe yake, an yi masa wankan maganin bindiga a can cikin duwatsu, harsashi yana taɓa shi ya zama ruwa. Manyan mutane fa, masu fansho da jikoki, su ke zama a kan benci suna faɗin haka suna gyaɗa kai. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wadda ta yi harbin me ta gani.

Tsekiso kam ya yi abin da ake yi wa amini. Shi ya kayar da san da aka yanka, shi ya ɗauki akwatin gawa a sahun gaba, shi ya yi jawabi a coci. Daga nan kowace Lahadi sai ya leƙo da kabeji ko kaza, ya gaida Mme Malebusa, uwar mamacin, wadda ta tare a gidan don ta zauna da surukarta. In ya tashi tafiya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da Puseletso, wadda yake kira Ausi, wato 'yar'uwa a yarensu, “Ausi, har yanzu kina yawo da laitar nan? Ki ba yara su yi wasa mana.” Ba da mugunta yake faɗa ba, a ganinta. Ta ɗauka so yake ya ga ta yi murmushi.

Aka sa mata baƙaƙen kayan takaba na shekara guda: doguwar riga, ɗankwali, da mayafi mai sauka daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ba ta ɗaga murya, ba ta bari rana ta faɗi tana waje, in ta shiga bas kujerar ƙarshe take zama don kada kowa ya zauna a bayanta. Duk ta yi, ba musu. Mutane suna ganinta suna cewa baiwar Allah, baƙin ciki ya cinye ta. Baƙin cikin yana nan, amma ba shi ke hana ta cin tuwo ba. Ƙiyayya ce, irin wadda take tashi da mutum da safe kafin ya tuna sunansa. So take ta ga fuskar da ke cikin hular nan, kuma so take mai fuskar ya san ta gan shi.

Sati na shida ta hau bas ta tafi shagon Oom Faan. Tsohon Bature ne mai ƙaton ciki da gajeren wando, rani da sanyi, yarensu kuma a bakinsa yake kamar a unguwa aka haife shi. Ta ajiye jakarta a kan teburin shagon ta ce ya sayar mata da abin banza, ta harbi mutum a ƙirji daga taku uku ya tsallake katanga kamar ɗan akuya.

Tsohon bai yi gardama ba. Ya ja mata kujera, ya sa ta faɗa masa komai daki-daki, har kaurin bargon ya tambaya. Sannan ya ce ai tun ranar da ya sayar musu ya faɗa wa mijinta, irin wannan ba ta ture mutum ƙasa. Huda take yi, ƙarama kamar ta fensir, mutumin da jininsa ya hau zai iya gudun mil guda bai san an taɓa shi ba. Amfaninta ɗaya ne, tana jikinka lokacin da babbar take gida a kulle.

“To ina harsashin ya tafi, Oom?”

“'Yata, ƙaramin harsashi da ya huda bargon Lesotho da rigar sanyi biyu, ina ya ga sauran ƙarfin fita? In dai kin ce ya shiga, to yana ciki.”

“Yana ciki.”

“Sai dai in ya samu wanda ya ciro masa, kuma mai irin wannan aiki ba ya zuwa asibiti. Nama zai rufe a kansa. Akwai wanda na sani ya yi shekara talatin da nasa, sai an yi sanyi yake tunawa.”

Ta ɗauki jakarta ta yi godiya. A bas ɗin komawa, a kujerarta ta ƙarshe, ta sa mayafi ta toshe baki, mata biyu da ke gabanta suka ɗauka kuka take yi. Dariya ce.

Abin da ya ba ta dariya kuwa shi ne aikinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan Puseletso tana ɗaukar hoton ƙirji a asibitin da kamfanin ya ajiye don duba ma'aikatansa. Duk mai shiga rami, daga lebura har manaja, dole sau ɗaya a shekara ya zo a duba huhunsa saboda ƙura da tarin fuka. In ranarka ta wuce ba ka zo ba, katinka ba zai buɗe ƙofar mahaƙa ba, ko kai wane ne. Maza dubu huɗu da 'yan kai, kowanne sai ya tuɓe riga ya manna ƙirjinsa a allonta. Mai farin takalmin nan in dai ɗan kamfanin ne, ba sai ta neme shi ba. Da ƙafarsa zai zo, a kan layi, da takarda a hannu.

Ranar Litinin ta koma aiki. Mme Malebusa ta yi faɗa, ta ce wace irin mace ce za ta fita wata biyu bai cika ba, me mutane za su ce. Puseletso ta durƙusa ta ba ta haƙuri, ta ce zaman gidan ne ke neman haukata ta, kuma ta yi alkawari rana ba za ta faɗi tana waje ba. A ƙofar asibitin akwai allo da aka rubuta ba a shiga da makami, akwai kuma mai gadi da sandarsa mai ƙara da yake shafa wa kowa. Amma wane namiji ne zai kai hannu kusa da kayan takabar matar wani? Yana hango baƙin mayafi sai ya ja baya taku biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce a wuce lafiya. Haka bindigar ta riƙa shiga tana fita kullum, a wata 'yar jaka da ta ɗinka a cikin rigar, daidai ƙasan hammata.

Ranar farko, kafin layi ya taru, ta ɗauki harsashi guda daga nata ta manna a allo da filasta ta ɗauki hotonsa. Ta zauna ta ƙare wa farar inuwar kallo har ta haddace ta.

Ba aikinta ba ne karanta hoto, na likita ne. Nata ta ɗauka, ta ga ya fito sosai, ta tura. Yanzu kuwa ba ƙirjin da ke wuce ta ba ta leƙa gefen hagunsa ba, ƙasa da ƙashin wuya. Ashe mazan Welkom kayan ƙarfe ne fal a jikinsu. Ta ga tsinin wuƙa da ya karye a haƙarƙarin wani tun yana saurayi. Ta ga wani dattijo da bayansa ya cika da ƙananan ƙwayoyi, ya ce wani manomi ne ya watsa masa yana yaro a kan satar masara. Sau uku ta ga harsashi na sosai, gabanta ya yanke ya faɗi, ta buɗe hoton bara ta tarar da ma can yana nan. Kowanne ta ce masa ya ja numfashi, ya riƙe, ya saki, ya sa riga, na gaba ya shigo.

Ranar Asabar kuma tana bayan shagon Oom Faan, inda ya kafa wurin gwajin harbi. Ba ta taɓa yarda ya matsar da takardar da take harbi ta wuce taku uku ba. Hannun da ya yi rawa ran nan ya daina rawa. Tsohon yakan tsaya yana kallon yadda hudar ke taruwa wuri guda, ya sosa gemu, ya ce yana fata dai don kare kai ake wannan himmar. Takan ce masa sosai ma. Ƙarya take yi. Ta riga ta gama shirya komai a ranta: ranar da ta ga farin ɗigon nan, mai shi ba zai sa rigarsa ba.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Aka yi Ista. Ganyen bishiyoyi ya zube, sanyi ya fara dawowa, jerin sunayen waɗanda ba su zo hoto ba tukuna ya koma shafi biyu, ya koma ɗaya. Mme Malebusa ta fara maganar tunkiyar da za a yanka ranar cire takaba, da wanda zai ƙona baƙaƙen kayan. A nan ne tsoro ya shigi Puseletso. Wataƙila mutumin ba ɗan kamfanin ba ne, takalmin roba ai ko a kasuwa ana sayarwa. Wataƙila ya bar aiki. Wataƙila kuma, abin da ya fi ci mata rai, Sajan Phakoe ne ke da gaskiya, ƙurar da ta gani idonta ne ya ƙirƙira don kada ta ce ta tsaya taku uku da wanda ya kashe mijinta ta kuskure shi sau biyu. Ta taɓa faɗa wa Sajan ɗin dabararta. Ya saurare ta da ladabinsa, ya ba ta lambar wayarsa ta hannu, ya ce in ta ga wani abu ta kira. Irin kallon da ake yi wa mara lafiya ya yi mata.

Ranar Talatar farko ta Yuni, wajen sha ɗaya na safe, ƙofa ta buɗe Tsekiso ya shigo yana kaɗa takardarsa.

“Ausi Puseletso, yau dai na faɗo hannunki. A yi mini a hankali, ni ɗan gida ne.”

Ta yi masa murmushi, don ganinsa yakan tuna mata da Lebusa. Abuti take ce masa, wato yaya. “Cire riga, Abuti. Ƙirji a jikin allo, haɓa sama, hannuwa a ƙugu.”

Ya tuɓe yana ba ta labarin kazar da zai kawo ranar Lahadi. Ƙaton mutum ne, shekara ashirin yana riƙe injin fasa dutse, bayansa kamar ƙyauren ɗaki. Ta murɗa makullin ƙofa yadda ake yi kafin a kunna na'ura, ta zare makullin ta tafi da shi bayan gilashinta, ta ce ya ja numfashi ya riƙe, ta danna, ta ce ya saki. Saura kaɗan ta tura hoton ba ta duba ba. Sabo ne kawai ya kai idonta gefen hagu.

Yana nan. Fari tas, ƙasa da ƙashin wuya, a kwance cikin nama a gaban haƙarƙari na biyu, hancinsa ya ɗan lotse. Ta buɗe hotonsa na bara, wanda ita da kanta ta ɗauka wata guda kafin a kashe Lebusa. Babu komai a wurin.

Ta ce masa kada ya motsa, hoton ya ɗan yi duhu, bari ta gyara masa tsayuwa. Ta zagayo ta gefensa. Ga tabon nan, bai fi ƙwayar wake ba, an kewaye shi da 'yan tsagogin reza da aka cusa wa baƙin magani. A tsayen nan ta tuna ranar jana'iza, yadda ya sa aka sauya masa gefe ya ɗauki akwatin da kafaɗar dama, ya ce sanyi ya kama masa ta hagu. Ita ce ma ta aika masa da man zafi.

Ta koma baya taku uku. Ya ba ta baya, tsirara daga ƙugu zuwa sama, haɓa a sama kamar rago a hannun mahauci. Hannunta ya shige ƙarƙashin mayafi ya kama abin da ya saba kamawa. Wata goma sha ɗaya take jiran wannan tsayuwar, kuma babu ko ɗigon tausayi a ranta. Abin da ya tsayar da ita wani abu ne daban. In ta harbe shi yanzu, zai mutu bai san an gane shi ba. Ƙungiyar ma'aikata za ta yi masa jana'iza da waƙoƙi, a binne shi da harsashinta a ƙirji, waɗanda suka aiko shi su zo su ci naman sa, ita kuma a ce takaba ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Wannan ya yi masa arha. So take a kwantar da shi a tsaga, da izinin alƙali, a ciro abin nan a ɗora a kan tebur kowa ya gani.

Ta koma bayan gilashi ta rubuta wa Sajan Phakoe saƙo: na same shi, yana ɗakina, ka zo yanzu. Ofishinsu tafiyar minti goma ce. Sannan ta juya fuskar kwamfutar.

“Abuti, zo ka ga ƙirjinka.”

Ya taho yana goge hannu a wando, fara'arsa ta ragu. Duk mai shiga rami abu guda yake tsoro a ɗakin nan. “Kada dai ki ce mini ƙura ce, Ausi. Ina da 'ya'ya a makaranta.”

“Huhunka lafiya lau. Wannan nake so ka gani.”

Ya matso da fuska. Ya ce ko maɓalli ne. Ta ce ai ba riga a jikinsa. Ta buɗe hoton da ta ɗauka tun ranar farko, ta jera su gefe da gefe.

“Wannan nawa ne na gida,” ta ce, a hankali, don mai takaba ba ta ɗaga murya. “Wannan kuma nawa ne da na ba ka ajiya.”

Ya daɗe yana kallo. Hannunsa ya tashi da kansa ya dafa tabon. Da ya yi magana, ba da ita yake ba.

“Boka ya ce ya zama ruwa. Tsohon ya matsa wurin, ruwa ya fito, da idona na gani. Kwana shida ya warke.”

“Ruwa ba ya fitowa fari a hoto.”

Shi ke nan fa abin da ya kawo shi. Da ya san akwai ƙarfe a jikinsa, da tuni ya ajiye aikin ya haye duwatsu, ba mai sake jin ɗuriyarsa. Amma boka ya ce ruwa ne, unguwa ta ce ruwa ne, ciwon kuma bai fi na ƙaya ba, sai ya shigo ɗakin matar da ta harbe shi yana zancen kaza.

Ya dubi ƙofa, ya ga makullin ba ya jiki. Ya dube ta. Ta ga lokacin da ya auna tsawonta da kaurin wuyanta, ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya. Kafin ya sauke ta biyu bindigar tana waje, hannun kuma ko kaɗan bai yi rawa ba.

“Laitar ce, Abuti. Taho ka kunna sigarin.” Ta ɗan ɗaga bakin bindigar sama. “Sai dai yau babu bargo.”

Ya tsaya. A duk faɗin Welkom shi kaɗai ne ya san tabbas abin nan yana shiga jiki, ga shaida nan a gabansa, fara tas. Allah ya sani ta so ya ƙara takun. Har yau in ta tuna, takan ji haushin da bai ƙara ba.

Sai baki ya buɗe. Ya ce sau uku yana gaya wa Lebusa ya yi shiru, har gida ya same shi, har da kuka. Ya ce sunansa ne na farko a cikin waɗanda Lebusa zai faɗa, kuma ɓarayin da ke ƙarƙashin ƙasa ba a ce musu a'a, da bai yi ba da wani aka aiko, wanda ba zai bar kowa da rai a gidan ba. Ya ce ta tuna fa, ranar nan bindiga na hannunsa, da ya so da ya haɗa da ita.

“Na tuna,” ta ce. “Wata goma sha ɗaya ina tambayar kaina me ya sa. Ashe don ka riƙa kawo mini kabeji ne.”

Daga baya an yi duk abin da ta so. Alƙali ya ba da izini, aka kwantar da shi aka ciro harsashin, masu gwaji suka ce daga bindigarta ya fito, Tsekiso kuma da ya ga ba mafita ya zazzage sunaye har da waɗanda Lebusa bai sani ba. Mutanen benci suka koma cewa da ma su sun san ƙaramar bindiga ba a raina ta. Amma in Puseletso tana ba da labarin, ba ta daɗewa a kan kotu. Mintocin da suka rage kafin Sajan ya iso, su take faɗa dalla-dalla.

Ta ce masa ya koma jikin allo, za a buƙaci hoto ta gefe don a san zurfinsa. Ya koma. Shekara ashirin ana ba shi umarni a ɗakin nan yana bi, jikinsa ya riga kansa sabawa. Ta ce ya manna gefen hagu, ya ɗaga hannuwa sama ya harɗe a ka. Ya yi. Ta ja baya zuwa gilashinta, bindiga a hannun dama, maɓallin na'ura a hagu.

“Ja numfashi.”

Ƙirjin ya cika.

“Riƙe.”

Ta danna, na'urar ta yi 'yar ƙararta ta yi shiru, hoton ya fito sarai. Nan ne wurin da take cewa a saki. Maza dubu huɗu ta ce wa haka a shekarar nan, wasu ma kafin su gama riƙewa. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora gwiwar hannu a kan tebur, tana kallonsa. Jijiyar wuyansa ta taso. Fuskarsa ta fara canza launi, idonsa yana kan bakinta yana jira.

A waje ta ji takun takalma a baranda, da muryar Sajan Phakoe yana tambayar nas ina ne ɗakin hoto. Aka ƙwanƙwasa. Ba ta tashi ba tukuna, kuma ba ta ce ya saki ba.